Sanarwar Bayan Taron 'Yan Kasuwa, Masu Sana'o'in Hannu, Manoma da Masu Sufuri na Ƙasar Bagudo Kan Sayen Kayan Aikin Soja da Rabon Masu Samar da Kaya na Gida

GABATARWA

Wakilan 'yan kasuwa, maƙera, masu walda, kanikawa, teloli, dukawa, masassaƙa jirgi, masunta, manoman shinkafa, dillalan dabbobi da direbobi na Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi sun yi zaman kwana biyu a garin Bagudo, domin nazarin yadda ake sayen kayan aikin rundunonin tsaron Nijeriya, da irin kayan da tsaron iyakarmu da Jamhuriyar Benin yake buƙata, da kuma rabon da ya dace masu samar da kaya na gida su samu a wannan hidima. Mahalarta sun fito daga Bagudo, Illo, Lolo, Tsamiya, Ka'oje, Zagga, Kende, Bahindi da ƙauyukan gaɓar kogi, cikinsu har da dattawan da suka yi ritaya daga aikin ɗamara, waɗanda taro ya ƙaru ƙwarai da abin da suka gani da idonsu a fagen aiki.

An buɗe zama da addu'a ga sojoji, 'yan sanda, jami'an kwastan, jami'an shige da fice, 'yan sa-kai da talakawan da suka rasa rayukansu a wannan yanki, tare da roƙon Allah ya ba iyalansu haƙurin rashi. Daga nan taro ya ɗora tattaunawarsa a kan tushe guda, wato kuɗin tsaro amana ce ta jama'a, kuma ana gane an riƙe wannan amana ne ta hanya biyu: kayan da aka saya su isa hannun sojan da ke bakin daga cikin inganci da kan lokaci, sannan abin da za a iya samu a gida a saye shi a gida, a fili, bisa doka.

ABUBUWAN DA TARO YA LURA DA SU

1. Cewa ƙasar Bagudo tana zaune kusa da mahaɗar iyakokin Nijeriya, Benin da Nijar, a yankin da Kogin Neja, wanda mutanenmu ke kira Kwara, yake shigowa Nijeriya. Kuma cewa layin da yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta shata, wadda ta bar Illo a hannun Ingila, ya ratsa tsakiyar dangi guda da kasuwa guda da makiyaya guda, har ya zama Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Dendawa, Kyangawa da Busawan wannan ɓangare kowa na da ɗan'uwa ko suruki a Segbana ko Malanbil. Iyaka mai yawan mashigai ta ruwa da ta daji irin wannan ba ta tsaruwa da shingen bakin titi kaɗai.

2. Cewa barazanar da a da ake jin labarinta daga nesa ta iso ƙofar gida. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka kashe aƙalla mutum 15 a Mera ta Ƙaramar Hukumar Augie, a Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, a ƙarshen Oktoban 2025 aka sace Mataimakin Shugaban Majalisar Dokokin Jihar Kebbi a cikin garin Bagudo, sannan ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka kwashe ɗalibai mata 25 daga makarantarsu da ke Maga. Taro ya gode wa Allah da waɗanda aka sace suka kuɓuta, amma ya lura cewa tsoro ya rage cin kasuwannin mako-mako, ya hana wasu manoma zuwa gonakin nesa, ya kuma tsananta tsadar sufuri.

3. Cewa maƙwabtanmu ma suna cikin wannan jarrabawa. Gwamnatin Benin ta tabbatar da kisan sojojinta 54 a Afrilun 2025 a yankin Gandun Dajin W, a arewacin ƙasar da ke jingine da mu. Gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin ta daɗe a rufe bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, abin da ya karkatar da mutane da kaya zuwa kwale-kwale da hanyoyin bayan fage. Kuma ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ta raunana musayar bayanai tsakanin jami'an ƙasashen. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, hikima ita ce ka shafa wa naka ruwa.

4. Cewa Gwamnatin Tarayya ta kashe dukiya mai yawa wajen sayen manyan makamai. Jiragen yaƙi 12 ƙirar Super Tucano da aka saya ta hannun Amurka a kan kusan dala miliyan 500 sun iso a 2021, mazauninsu kuwa Kainji ne, wanda ba shi da nisa da mu ta sama. Tankokin VT-4 sun zo daga ƙasar Sin a 2020. Jirage masu saukar ungulu ƙirar T-129 sun zo daga Turkiyya. An kuma yi odar jirage 24 ƙirar M-346 daga Italiya. Taro ya yaba da wannan ƙoƙari, tare da lura cewa duk waɗannan kaya da kuɗin waje ake biyansu, kayan gyaransu da ƙwararrunsu daga waje suke zuwa, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 kowace ƙusa da za a shigo da ita ta ninka tsada.

5. Cewa sojan da ke tsaron gaɓar Kwara yana da buƙatun da manyan makamai ba sa biya masa. A damina, lokacin da fadamu ke cika, hanyoyi su yanke kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020, mota mai nauyi kafewa take yi, maharin da ke kan babur ko cikin kwale-kwale kuwa ya wuce. Abin da wannan ƙasa ke nema shi ne jiragen ruwa marasa zurfin ciki masu injin gudu, babura masu jure yashi da taɓo, wayar oba-oba mai cin dogon zango, tabarau mai gani da dare, ƙananan jirage marasa matuƙi, rigar sulke da hular kwano, rigar kariya daga nutsewa, wutar sola, tsabtataccen ruwan sha, gidan sauro, da maganin zazzaɓi da na saran maciji. Mafi yawan waɗannan kaya masu sauƙin kuɗi ne idan aka kwatanta da jirgi guda, amma rashinsu kan zama sanadin asarar rai.

6. Cewa Nijeriya ba baƙuwa ba ce a harkar ƙera kayan yaƙi. Tun 1964 aka kafa Hukumar Ƙera Kayan Yaƙi ta Ƙasa, DICON, a Kaduna da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. A 2012 sojojin ruwa suka ƙaddamar da jirgin Andoni da aka gina a Legas. A 2018 sojojin sama suka fito da jirgi maras matuƙi mai suna Tsaigumi. A Disambar 2019 aka nuna mota mai sulke ƙirar Ezugwu a Kaduna. Kamfanin Proforce da ke Ode-Remo a Jihar Ogun kuwa ya kai ga sayar da motocinsa masu sulke a ƙetare. Sabuwar dokar DICON da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a Nuwamban 2023 ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, ta kuma tanadi cibiyar bincike da tsarin sa ido kan masana'antun tsaro. Taro ya lura cewa har yanzu amfanin wannan ƙofa bai iso jihohin kan iyaka na arewa maso yamma yadda ya kamata ba.

7. Cewa Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta wajabta tallata kwangila da gasa a fili, amma sashe na 15 ya keɓe kaya da ayyuka na musamman da suka shafi tsaron ƙasa, sai idan Shugaban Ƙasa ya amince a bi da su ta hanyar dokar. Taro ya yarda cewa akwai sirrin da tilas a kiyaye, domin babu mai hankalin da zai so abokin gaba ya san adadin harsashi ko irin na'urar leƙen asirin da aka saya. Sai dai tarihi ya nuna hatsarin faɗaɗa wannan mayafi: kwamitin da aka kafa a Agustan 2015 domin binciken sayen makamai tun daga 2007 ya ba da rahoton kwangilolin da aka biya ba a kawo kaya ba, kuma dala biliyan 1 da gwamnoni suka amince a cire daga asusun rarar mai a Disambar 2017 ta jawo tambayoyi masu yawa daga jama'a. Matsayin taro shi ne sirri haƙƙin makami ne da dabarar yaƙi. Shinkafa, takalmi, tanti, katifa da bulo ba su da sirrin da za a ɓoye.

8. Cewa doka ta riga ta tanadi fifiko ga kayan gida. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na Mayun 2017 ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da hukumomin tarayya ke kashewa a kan kaki da takalma, abinci da abin sha, kujeru da kayan ofis, motoci, magunguna, kayan gini da kayan sadarwa ya tafi ga abin da aka yi a Nijeriya. Umarni mai lamba 5 na Fabrairun 2018 ya ƙarfafa ba ƙwararrun gida fifiko a kwangilolin kimiyya da injiniyanci. A Mayun 2025 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar sa Nijeriya a gaba wajen sayen kaya. Odar takalman soja da aka ba masu sana'a na Aba a 2016 ta nuna abin mai yiwuwa ne. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa da bayyana alƙaluman da za su nuna an aiwatar.

9. Cewa Jihar Kebbi tana da abin da za ta kawo. A nan aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamban 2015, akwai manyan injinan casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, akwai albasar Aliero, akwai shanu, tumaki da fatu a kasuwanninmu, akwai kifin Kwara, akwai kuma masassaƙa da matuƙan jirgi da suka san kowane lungu da tsibiri na kogin tun suna yara. Haka nan akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, da kwalejin fasaha a Dakingari. Ƙasar da Kanta ya gina ganuwar Surame, inda maƙera, dukawa da majema suka riƙe mayaƙa da linzami da sirdi da garkuwa, ba za ta kasa ɗinka wa sojan yau jaka da ɗamara ba.

10. Cewa duk da haka akwai shingaye a gaban ƙaramin ɗan kasuwa. Yawancin sana'o'inmu ba su da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ba su da shaidar biyan haraji ta shekara uku, balle takardun fansho, na asusun horar da ma'aikata da na inshorar ma'aikata da ake nema. Sanarwar kwangila kan fito da Turanci a jaridun da ba sa isowa nan sai lokaci ya ƙure. Aiki kan bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya iso wurin mai yin sa, kowane hannu ya yagi rabonsa. Wasu manyan 'yan kwangila kan karɓi kaya su riƙe kuɗin mutane wata da watanni, alhali sashe na 37 na dokar 2007 ya ɗauki duk biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkirin da ke jawo diyya. Taro ya kuma amsa nasa laifin: rashin daidaiton awo da ɗinki, da saɓa alkawarin lokaci, suna cikin abubuwan da ke hana a amince da kayanmu.

11. Cewa 'yan ta'adda ma suna da masu samar musu da kaya. Man fetur a jarka, babura da kayan gyaransu, buhunan abinci, magunguna, layukan waya da bayanan motsin jami'ai ba daga sama suke faɗo musu ba. Ta kasuwa da tasha da mashigin ruwa suke bi, domin da ɗan gari akan ci gari. Taro ya ɗauki wannan a matsayin mafi nauyin abin da aka tattauna, tun da duk makamin da gwamnati za ta saya ba zai yi tasiri ba muddin hanyar guzurin abokin gaba a buɗe take.

MATSAYAR TARO

Bayan doguwar muhawara a zauren taro da cikin ƙananan kwamitoci, mahalarta sun amince da waɗannan ƙudurori baki ɗaya:

1. Taro ya jinjina wa dakarun Runduna ta 8 mai hedikwata a Sakkwato, da na barikin Dukku a Birnin Kebbi, da duk jami'an da ke aiki ƙarƙashin shirin Fansan Yamma, bisa sadaukar da rayukansu, ya kuma tabbatar musu da goyon bayan mambobinsa a kasuwa, a tasha, a gona da kan ruwa.

2. Taro ya yi kira ga Gwamnatin Tarayya da Ma'aikatar Tsaro su fitar da rubutaccen jeri mai raba kayan sirri da kayan yau da kullum, ta yadda abinci, sutura, takalma, kayan kwanciya, magunguna, gine-gine, sufuri da gyaran ababen hawa za su bi hanyar talla da gasa a fili kamar sauran kayan gwamnati, makamai da na'urorin leƙen asiri kuwa su ci gaba da bin hanyarsu ta musamman ƙarƙashin bincike mai tsanani.

3. Taro ya buƙaci Hedikwatar Tsaro da manyan hafsoshin rundunoni su riƙa jin ta bakin kwamandojin da ke fagen daga kafin a tsara abin da za a saya, kuma a ba kayan sintirin ruwa, babura, sadarwa, gani da dare da kariyar jiki muhimmanci na farko a kasafin yankin Kwara. Taro ya roƙi a kafa sansanonin sintirin ruwa na dindindin a tsakanin Lolo da Yawuri, tare da ƙarfafa tsaron mashigin Tsamiya da hanyar Ka'oje.

4. Taro ya nemi kowace yarjejeniyar sayen manyan makamai daga waje ta ƙunshi sharaɗin horar da injiniyoyin Nijeriya, da ajiye kayan gyara na shekaru a cikin ƙasa, da haɗa wani ɓangare na kayan a masana'antun gida, domin makamin da ke jiran bature ya zo ya kunce shi, ranar buƙata ba makami ba ne.

5. Taro ya roƙi kwamitocin tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, su bi kayan da aka saya har inda aka kai su, su gani da ido, su ƙirga, su tambayi sojan da ke amfani da su. Duk ɗan kwangilar da aka samu ya kawo rigar sulke ta jabu, ko ruɓaɓɓen abinci, ko ya ci kuɗi bai kawo komai ba, a gurfanar da shi, a ƙwato dukiyar, a kuma haramta masa kwangilar gwamnati, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

6. Taro ya buƙaci hukumar BPP da rundunonin tsaro su riƙa bayyana wa jama'a sau ɗaya a shekara nawa aka kashe a kan kayan gida cikin rukunonin da Umarni mai lamba 003 ya lissafa, da yadda aka raba tsakanin shiyyoyin ƙasa, domin a san ko an cika kashi 40 ɗin da doka ta ce.

7. Taro ya nemi a riƙa sanar da kwangilolin kayan yau da kullum da Hausa a gidajen rediyo, a kuma liƙa su a sakatariyar ƙananan hukumomi da isasshen lokaci. A rarraba manyan kwangilolin abinci da sutura zuwa ƙananan kaso da ƙungiyoyin gama-kai za su iya ɗauka. A kuma ba sansanonin da ke wannan yanki damar sayen shinkafa, nama, kifi, kayan miya da ruwa daga masu rajista na kusa da su, a kan farashin kasuwa da rasit.

8. Taro ya jaddada cewa a biya mai kaya cikin kwana 60 da doka ta tanada, a ba ƙananan masu sana'a kuɗin kafin alƙalami gwargwadon abin da doka ta yarda, kuma duk babban ɗan kwangilar da ya raba aiki ga ƙanana a wajabta masa nuna shaidar ya sallame su kafin a biya shi kasonsa na ƙarshe.

9. Taro ya yi kira ga hukumar DICON ta buɗe ofishin hulɗa da masu sana'a a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ta wallafa ma'aunin ingancin da take buƙata a kan kaki, takalmi, ɗamara, jaka, tanti, gadon ƙarfe, tankin ruwa da gangar jikin jirgin ruwa, ta kuma riƙa gwada samfurin da aka kawo mata tana faɗin inda ya gaza, domin mai sana'a ya gyara ya dawo.

10. Taro ya roƙi Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Kauran Gwandu Nasir Idris, ya sa duk motoci, babura, jiragen ruwa da kayan da jiha ke saya wa jami'an tsaro su zo da tsarin gyara a cikin jiha. Ya samar da cibiyar sana'o'i mai tsayayyar wutar lantarki ga teloli, dukawa da masu walda. Ya kuma haɗa kwalejojin fasaha na jiha da kanikawanmu domin horo kan gyaran injin jirgi, babura, sola da na'urorin sadarwa. Taro ya nemi Bankin Masana'antu da hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN su tallafa da bashi mai sauƙin sharaɗi ga wanda ya riga ya sami takardar oda.

11. Taro ya nemi Gwamnatin Tarayya ta ƙarfafa sintirin haɗin gwiwa da musayar bayanai da Jamhuriyar Benin, ta ci gaba da neman fahimta da Jamhuriyar Nijar, kuma ta sauƙaƙa wa halastaccen ɗan kasuwa bi ta mashigin hukuma. Darasin rufe iyakoki na Agustan 2019 shi ne idan aka toshe babbar ƙofa, hanyoyin daji ne ke bunƙasa, kuma hanyar da buhun shinkafa ya bi a ɓoye ita ce wadda bindiga za ta bi.

12. Taro ya roƙi Mai Martaba Sarkin Gwandu, Alhaji Muhammad Iliyasu Bashar, wanda shi kansa tsohon janar ne na soja, tare da iyayen ƙasa hakimai, dagatai da masu unguwanni, da malamai da limamai, su ci gaba da faɗakar da jama'a cewa sayar wa ɗan ta'adda mai ko abinci tarayya ce cikin jinin da zai zubar, kuma su taimaka wajen tantance duk wanda za a gabatar a matsayin mai samar da kaya ga jami'an tsaro.

13. A nasu ɓangare, mambobi sun ɗaukar wa kansu alkawarin cewa ba za su ƙera, gyara, ɓoye ko yi dakon bindiga, harsashi ko abin fashewa ba. Ba za su ɗinka ko sayar da kakin soja ga wanda ba shi da izinin hukuma ba. Ba za su shigo da jirgi maras matuƙi ko wani kayan da ke buƙatar takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba tare da ita ba. Za su kuma ba cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai ta ƙasa cikakken haɗin kai. Masu sayar da mai, babura da kayan gyara za su buɗe littafin rubuta duk cinikin da ya wuce na al'ada, masu jirgi da direbobi kuwa za su san kayan da suka ɗauka da mai su. Wanda ya karya wannan alkawari za a kore shi daga ƙungiyar sana'arsa, a miƙa shi ga hukuma.

14. Mambobi sun amince su dunƙule cikin ƙungiyoyin gama-kai bisa sana'a, su yi rajista, su buɗe asusun banki, su biya haraji, su riƙa ajiye lissafi a rubuce, kuma kowace ƙungiya ta naɗa dattawan sana'a da za su duba kaya kafin su bar hannun mai su. Taro ya haramta wa mambobinsa ba da cin hanci domin samun kwangila, ya kuma gargaɗe su kan 'yan damfarar da ke yawo da takardun oda na ƙarya da sunan rundunonin tsaro. Taro ya umurci a sa mata masu sana'ar casa, ɗinki da sarrafa abinci, da matasa masu koyon sana'a, da matan sojojin da suka rasu, a sahun farko na masu cin gajiyar duk aikin da aka samu.

15. Taro ya kafa kwamitin bibiya mai wakilci daga kowace sana'a da kowace gunduma, wanda zai miƙa wannan sanarwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Bagudo, Fadar Gwandu, Gwamnatin Jihar Kebbi, 'yan majalisun da ke wakiltar yankin, Ma'aikatar Tsaro, DICON da BPP. Ya tattara sunayen masu sana'a da abin da kowa ke iya samarwa cikin wata uku. Ya kuma kawo rahoton abin da aka cimma a zama na gaba, bayan wata shida.

KAMMALAWA

Taro ya gode wa iyayen ƙasa, malamai, shugabannin kasuwanni da tashoshi, da jama'ar garin Bagudo bisa karɓar baƙi da suka yi, da jami'an da suka tsare wurin zama har aka watse lafiya.

Mahalarta sun tashi da yaƙinin cewa zaman lafiyar kan iyaka da arzikin kan iyaka a igiya guda suke ɗaure: matashin da ke da aikin yi a shagon walda ko injin casa ya fi wuyar ruɗuwa da kuɗin ɗan ta'adda, sojan da ya ƙoshi, ya sa takalmi mai kyau, wayarsa na aiki, jirginsa na da mai, shi ne zai iya tsare kasuwar da wannan matashi ke ci. Saboda haka taro yana kira ga hukumomi su buɗe ƙofar da doka ta riga ta ce a buɗe, yana kuma kira ga kowane ɗan kasuwa da mai sana'a na ƙasar Bagudo ya riƙe amana, ya kyautata aikinsa, ya toshe hanyar guzurin masu kashe mu. Allah ya zaunar da Kebbi da Nijeriya da maƙwabtanmu lafiya.

Sa hannu a madadin mahalarta:

Shugaban Taro

Sakataren Taro